TARIHIN MARIGAYI ALHAJI ALHASSAN ƊANTATA, ATTAJIRIN KANO

A ranar Laraba, 17 ga watan Agusta, 1955, Allah Ya yi wa Alhaji Alhassan Ɗantata rasuwa a birnin Kano, aka kuma yi masa sutura a gidansa da ke unguwar Sarari. A lokacin da ya rasu ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowane ɗan ƙasa dukiya a Afirka ta Yamma. Bai gaji sarauta ba, bai yi makarantar boko ba, kuma abin da ya samu na gadon mahaifinsa bai taka kara ya karya ba. Saboda haka tarihinsa ya zama tarihin yadda fataken ƙasar Hausa suka tashi daga zamanin jaki da wuri, suka shiga zamanin jirgin ƙasa da banki, ba tare da kasuwa ta kuɓuce daga hannunsu ba.

ASALINSA DA ƘURUCIYARSA

An haifi Alhassan a garin Bebeji ta ƙasar Kano a cikin shekarar 1877. Mahaifinsa, Madugu Abdullahi, Ba'agale ne, watau ɗaya daga cikin zuriyar nan ta Agalawa waɗanda kakanninsu suka gangaro daga wajen Azbin, suka zauna a ƙasashen Katsina da Kano, suka zama Hausawa, suka kuma riƙi fatauci sana'ar gado. Su da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda babban mazauninsu yake Gummi ta ƙasar Zamfara, su ne suka riƙe cinikin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja a ƙarni na goma sha tara. Kakan Alhassan, wanda ake kira Baba Talatin, shi ne ya taso da iyalinsa daga ƙasar Katsina ya zauna a Madobi. Daga baya ɗansa Abdullahi ya koma Bebeji, garin da yake a kan hanyar fatake.

Mahaifiyar Alhassan, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai jarin kanta. Alhassan yana ɗan shekara takwas ko kusa da haka mahaifinsa ya rasu. Da aka raba gado a tsakanin magada, kason kowane yaro bai zama wani abin kirki ba. Ita kuwa Amarya sai ta bi ayari zuwa Ankara, babban birnin Gwalkwas, ƙasar da ake kira Gana tun daga 1957. Ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan mai suna Tata. Wannan tsohuwa ce ta riƙe Alhassan har mutane suka riƙa kiransa ɗan Tata, sunan kuma ya bi shi, ya bi 'ya'yansa da jikokinsa.

A Bebeji aka sa shi makarantar allo. Ya yi rayuwa irin ta almajiran zamaninsa, yana karatu da safe da dare, da rana kuwa yana 'yan aikace-aikace da ƙananan saye da sayarwa don ya sami abin sawa a baka. Masu ba da tarihin gidan sun ce tun a wannan lokaci ya koyi tanadi, yana jefa 'yan wurin da ya samu a asusu maimakon ya kashe su a kan kwaɗayi. Wannan hali na tattali bai rabu da shi ba har ƙarshen ransa.

YAƘIN BASASA

Alhassan yana saurayi ɗan shekara goma sha shida Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, a cikin 1893. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, amma 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi, a ƙarƙashin Yusufu, suka ƙi yarda, suka fita daga birni. Daga nan yaƙin Basasa ya ɓarke. Bai lafa ba sai a 1895, bayan Aliyu Babba ya shiga Kano aka kuma kashe Tukur.

Agalawa da yawa sun kasance a ɓangaren Tukur, saboda haka da yaƙi ya juya sai garuruwansu suka sha wahala. An washe dukiya, an kama mutane, kuma Alhassan da wasu 'yan uwansa suna cikin waɗanda aka kama, sai da aka biya fansa kafin su sami kansu. Ya ga da idonsa yadda dukiyar da falke ya yi shekaru yana tarawa take watsewa a rana ɗaya idan masu sarauta suka sami saɓani a tsakaninsu. Duk wanda ya dubi yadda ya zauna lafiya da sarakunan Kano huɗu bayan zuwan Turawa, watau Abbas da Usman da Abdullahi Bayero da Muhammadu Sanusi, zai gane cewa darasin Basasa ya zauna masa.

HANYAR GWANJA

Tun yana saurayi ya bi ayarin fatake zuwa Gwanja, daga can ya wuce Ankara wurin mahaifiyarsa. Tafiyar Gwanja a wancan zamani ba wasa ba ce. Ayari yakan ƙunshi ɗaruruwan mutane da jakuna, wani lokaci dubbai. Madugu ne shugaba, shi ne mai sasantawa da sarakunan hanya a kan kuɗin fito da na zango. Jagaba yana gaba yana duba hanya, malamin ayari kuwa yana riƙe da addu'a da rubutun lissafi. Sukan ɗauki kanwa da turkuɗi da baƙaƙen riguna da jan fata da busasshiyar albasa, su ƙetare Kogin Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su yi watanni kafin su isa Salaga, babbar kasuwar Gwanja. A dawowa sukan ɗauko goro a cikin huhu. Goro kuwa kaya ne mai wuyar sha'ani: tilas a riƙa kwance huhu a zango, a tsince wanda ƙwaro ya taɓa, a yayyafa ruwa, a sake ganye, in ba haka ba falke ya isa gida da asara.

Amma a lokacin da Alhassan ya shiga wannan sana'a, tsohuwar hanya ta fara mutuwa. Turawan Ingila sun ci Kumasi da yaƙi a 1874, abin da ya karya ikon Ashanti a kan kasuwannin arewa, sa'an nan yaƙin gida ya rushe Salaga a 1892. A gefe guda kuma jiragen ruwa na Turawa suna zirga-zirga a bakin teku tsakanin Sekondi da Ankara da Ikko. Alhassan yana cikin fataken farko da suka lura cewa goron da jaki zai yi wata biyu ko uku yana ɗauke da shi, jirgin ruwa zai kai shi Ikko a cikin 'yan kwanaki, kuma ya isa da ɗanyensa. Sai ya riƙa sayen goro a Gwalkwas yana loda shi a jirgi zuwa Ikko, daga can a yi arewa da shi. Ya haɗa da cinikin duwatsun wuya da murjani da yadudduka na Turai. Ribar wannan ciniki ita ce jarin da ya shiga harkar gyaɗa da shi.

RELUWE DA GYAƊA

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Hanyar jirgin ƙasa ta iso birnin a 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912. A wajen wannan lokaci ne Alhassan ya bar Bebeji ya tare a birnin Kano, ya gina gida a yankin Koki da Sarari, inda a lokacin akwai filaye.

Abin da Turawan mulki suka sa rai shi ne reluwe zai riƙa kwasar auduga zuwa masaƙun Ingila. Manoman Kano kuwa suka yi nasu lissafin. Audugarsu tana da masu saye a gida, domin masaƙa da marinan Kano suna biyan kuɗin da ya fi na kamfanin Turawa. Ita gyaɗa tana son jigawa, ana iya shuka ta tare da gero, tana gyara ƙasa, kuma idan kasuwarta ta faɗi mai ita zai ci abarsa ko matansa su yi mai da ƙuliƙuli. A daidai wannan lokaci masana'antun Turai sun gano hanyar daskarar da man gyaɗa su yi man shafa wa burodi da sabulu, saboda haka kuɗinta ya tashi. Ga kuma haraji da aka koma karɓa da kuɗin Turawa. A kakar 1912 zuwa 1913 gyaɗar da ta taru a tashar Kano ta fi ƙarfin taragun jirgi.

Kamfanonin Turawa suna da kuɗi, amma ba su san ƙauye ba, ba su jin harshe sosai, kuma manomi bai san su ba balle ya amince da su. Tilas suka nemi fataken goro, waɗanda suke da yara da dillalai a kowace kasuwa. Daga cikin waɗanda suka yi fice a wannan harka akwai Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo. A cikin 1918 Kamfanin Neja ya nemi Alhassan ya riƙa saya masa gyaɗa. Kafin shekarar 1922 ta ƙare ya riga ya zarce sauran attajiran Kano. Da Kamfanin Neja ya haɗu da wani kamfani a 1929 suka zama U.A.C., Alhassan ne babban mai saya musu.

Yadda aikin yake tafiya shi ne, kamfani ya ba shi kuɗi kafin kaka, shi kuma ya rarraba wa yaransa, su kuma su ba ƙananan masu awo a ƙauyuka. Wani lokaci tun da damina ake bai wa manomi kuɗi ko gishiri ko yadi, a kan zai kawo gyaɗa idan ya cire. Da kaka sai a ɓare, a auna, a ɗura a buhu, a ɗora wa jakuna da raƙuma, daga baya motoci, zuwa sikeli a Kano. Galibin wannan kuɗi yana yawo ne ba takarda ba sa hannu. Abin da ya riƙe shi amana ce da dangantaka da sanin asali, irin wadda Agalawa suka saba da ita tun a hanyar Gwanja. Gwanintar Alhassan ita ce sanin wanda za a ba kuɗi da wanda za a hana, da bin lissafi har kwabo, da kuma haƙuri da ƙaramar riba a kan kowane buhu matuƙar buhunan suna da yawa.

Irin wannan tsari ne ya bazu zuwa yamma bayan da reluwe ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe ya isa Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920. Gusau ta zama babbar cibiyar auduga da gyaɗa, manoman ƙasar Bungudu da ƙauyuka irin su Ruwan Bore suka sami tasha kusa da su, kantunan Turawa da na Larabawan Sham suka jeru, aka kuma sami sababbin attajirai na gida.

Buhunan gyaɗar da suke jiran jirgi a Kano su ne aka riƙa jerawa ana yin dala da su, wadda kowace ɗaya takan ci buhu wajen 15,000. Da sunan Alhassan Ɗantata aka fi danganta wannan dala, wadda ta zama alamar arzikin Jihar Arewa. Har ila yau masu tarihinsa sun ruwaito cewa a cikin 1929 ya kai ajiya reshen Kano na bankin Ingila na Afirka ta Yamma, wanda daga baya ya zama First Bank, kuɗin azurfa kayan raƙumi 20, kuma saboda addini bai karɓi kuɗin ruwa a kan ajiyar ba.

ATTAJIRI DA MASU SARAUTA

A tsarin zaman jama'a na ƙasar Hausa, attajiri komai yawan dukiyarsa talaka ne a gaban sarki. Zai cire takalmi, ya faɗi ya yi gaisuwa ga hakimin da bai mallaki kashi ɗaya cikin goma na abin da yake da shi ba. Sarauta tana bukatar kuɗinsa, shi kuma yana bukatar inuwarta, amma ba a son ya yi shiga ko hawa irin na 'ya'yan sarki.

Wannan hali ba a ƙasar Hausa kaɗai aka san shi ba. A ƙasar Japan, a zamanin mulkin gidan Tokugawa daga 1603 zuwa 1868, malaman gwamnati sun jera jama'a hawa huɗu: mayaƙa, waɗanda ake kira samurai, sai manoma, sai masu sana'ar hannu, sa'an nan 'yan kasuwa a can ƙasa. Amma da aka daɗe ba yaƙi, birane irin su Osaka da Edo, wadda aka sake wa suna Tokiyo, suka bunƙasa. Mayaƙan da ake biyansu da shinkafa suka koma cin bashi a hannun 'yan kasuwar da suke rainawa. Hukuma ta riƙa kafa dokokin hana su sa tufafin alfarma, kuma a 1705 ta ƙwace dukiyar gidan Yodoya, manyan dillalan shinkafa na Osaka, bisa zargin almubazzaranci da wuce matsayi. Gidan da ya tsira ya daɗe shi ne na Mitsui Takatoshi, wanda ya rayu daga 1622 zuwa 1694. Ya buɗe kantin yadi a Edo a 1673, inda ya riƙa sayarwa kuɗi hannu a kan farashi guda ba ciniki, daga baya ya ƙara da canjin kuɗi. 'Ya'yansa suka ƙi raba jarin, suka kafa ofishi guda mai kula da dukiyar gida a 1710, suka riƙi tsimi da kauce wa fushin hukuma. Sunan Mitsui ya kai zamanin manyan kamfanoni.

Hanyar da Alhassan ya bi ta yi kama da ta Mitsui, ko da yake ƙasa da zamani sun bambanta. An san shi da sauƙin kai a tufafi da abinci, da rashin son fariya, da zama tare da yaransa a wurin aiki. Bai nemi rawani ba, bai yi gasa da fada ba. Ya sauke faralin aikin Hajji a farkon shekarun 1920 ta jirgin ruwa, a wannan tafiya kuma ya biya ta Ingila inda aka gabatar da shi ga Sarki Joji na Biyar. Bayan ya dawo ya riƙa taimakon malamai da masu niyyar Hajji da 'yan uwa marasa ƙarfi. A shekarunsa na ƙarshe sarauta da kanta ta neme shi, aka sa shi a majalisar Sarkin Kano domin a riƙa jin shawararsa a kan sha'anin ciniki da kuɗi. Da siyasar jam'iyyu ta zo ya kasance tare da N.P.C.

GWAGWARMAYA DA KAMFANONIN TURAWA

Duk da yawan dukiyarsa, shekaru da dama Alhassan yana matsayin mai saya wa wani ne. Kamfanonin Turawa su ne suke da jiragen ruwa da bankuna da kasuwar Turai, su ne kuma suke yanka farashi. Da kasuwannin duniya suka karye a 1929, kuɗin gyaɗa ya faɗi warwas a shekarun da suka biyo baya, 'yan kasuwa da yawa suka durƙushe da bashi. Abin da ya tsirar da shi shi ne bai dogara ga gyaɗa kaɗai ba: yana cinikin goro da shanu da yadi da hatsi, yana kuma sayen filaye da gidaje.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta karɓe sayar da amfanin gona a ƙasashen waje, daga baya aka kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949. A ƙarƙashin wannan tsari sai mai lasin ne kaɗai zai sayar wa hukuma kai tsaye, kuma sharuɗɗan lasin, na jari da ma'aji da yawan tan, sun fi dacewa da manyan kamfanonin waje. Sai a farkon shekarun 1950 Alhassan ya sami lasin na kansa, ya tashi daga yaron kamfani ya zama abokin gasarsa. Wannan ya buɗe ƙofa ga sauran 'yan kasuwar Arewa. A wannan zamani kuma ya shiga gaba wajen haɗa attajiran Kano su zuba jari wuri guda, suka kafa kamfanin 'yan ƙasa wanda ya gina masaƙa ta zamani a Kano, ɗaya daga cikin na farko a Arewa. Ga mutanen da kowa ya saba riƙe jakarsa shi kaɗai, wannan sabon abu ne.

WASIYYARSA DA ABIN DA YA BARI

Babban abin da yake kashe gidan attajiri a ƙasar Hausa shi ne abin da yake biyo bayan mutuwarsa. Da an raba gado sai kowane magaji ya ja nasa, yaran gida su watse, masu bashi su ɓuya, kafin shekara goma sai a nemi gidan a rasa. Alhassan ya ga haka a gidan mahaifinsa tun yana yaro. Saboda haka da ciwo ya tsananta masa a 1955, sai ya tara 'ya'yansa da babban mai kula da kuɗinsa, Garba Maisikeli, ya yi musu wasiyya. Ya neme su da su zauna tare, kada su bari kamfanin da ya kafa da sunansa da na 'ya'yansa ya rushe, su guji husuma da sauran attajiran Kano, su kuma kula da dangi, musamman matalauta daga cikinsu. Bayan kwana uku ya cika, yana da shekara 78.

'Ya'yan sun riƙe wasiyyar gwargwadon hali. Alhaji Ahmadu ya shugabanci kamfanin har rasuwarsa a 1960, sa'an nan ragama ta koma hannun Alhaji Aminu, wanda ya faɗaɗa shi zuwa gine-gine da sauran harkoki, ya kuma rasu a 2025. Alhaji Sanusi, wanda ya rasu a 1997, ya yi suna a cinikin gyaɗa da sufuri. Ta wajen 'yar Alhaji Sanusi ne aka sami Alhaji Aliko Ɗangote, wanda ya gina masana'antun siminti da sukari da matatar mai a Ikko.

Ita dalar gyaɗa ba ta daɗe bayansa sosai ba. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970, da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, da komawar hankalin gwamnati kan man fetur, su suka haɗu suka share ta daga filayen Kano, aka kuma rushe hukumomin cinikin amfanin gona a 1986. Gyaɗar da ta ɗaukaka gidan ta ja baya, amma gidan bai faɗi tare da ita ba, domin tun a hannun mai shi an saba sauya kaya idan hanya ta sauya, kamar yadda ya bar jaki ya koma jirgin ruwa, ya kuma ɗora gyaɗa a kan goro.

Allah Ya jiƙan Alhaji Alhassan Ɗantata, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.